Kwalba Biyu a Faranti Ɗaya

Aikina a asibitin unguwarmu manna lamba ne. Ni ba nas ba ce, ba kuma likita ba, ko da yake maigidana yakan kira ni Likita idan yana so in yi dariya, ni kuma in rama in ce masa Injiniya, don gyaran firji yake yi a wani shago a ƙarshen layinmu.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo mana wani bincike. Ana so a san a cikin mata ɗari uku, nawa ne ke ɗauke da wani nau'in ciwon sanyi da likitoci ke kira kilamidiya, da kuma irin matan da ya fi kamawa. Mugun halin ciwon shi ne ba ya sallama. Mace sai ta yi shekaru tana yawo da shi, ba ƙaiƙayi ba zafi, shi kuwa yana can ciki yana toshe mata hanyar haihuwa a hankali. Kuma duk matar da ta ce a bayan gida ta kwaso shi, mukan yi shiru ne kawai don kara, amma mun san ta shimfiɗa yake shigowa.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai Sista, shugabarmu, wadda ba ta fara dariya sai rana ta take. Akwai Amarya, mai yi wa matan tambayoyi tana cika takarda. Shekararta ɗaya da rabi da aure amma sunan ya ƙi sakinta. Sai ni a bakin ƙofa da ɗan teburina. Matan da ake gwadawa ba a rubuta sunansu, lamba ake ba su. Kowace lamba tana da 'yan takardu uku masu gam a baya: ɗaya ta kwalba, ɗaya ta takardar tambayoyi, ɗaya ta katin da mace za ta tafi da shi ta dawo bayan sati biyu ta ji sakamako. Mace za ta karɓi tsinken auduga ta shiga bayan labule, ta goga da kanta, ta saka shi a kwalba ta rufe ta miƙo mini. Wata uku cur ban taɓa manna lambar wata a kwalbar wata ba. Har Sista ta taɓa faɗar haka a gaban mutane, ni kuwa na yi sati ina tafiya da ƙyar don kumburin kai.

Ranar ƙarshe aka tashi da ruwan sama, mata suka ƙi fitowa. Ƙarfe biyu ta yi muna kan ɗari biyu da casa'in da takwas, ga motar ɗakin gwaji a waje, direba yana ta danna oda kamar an ce masa asibitin kurame ne. Sista ta tafi taro, amma kafin ta fita ta nuna mu da biro ta ce, "Kada in dawo in ji ɗari uku ba ta cika ba."

Amarya ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, "Yaya, mu ba mata ba ne?"

A doka ma'aikata ba sa shiga cikin binciken. Mun san da haka. Muka kwashe da dariya, kowa ta ɗauki tsinke da kwalba. Ni na shiga bayan labule, ita ta ruga bayi. Muka fito kusan tare muka ajiye a farantin ƙarfen da ke kan teburina, ga direba ya shigo har bakin ƙofa yana ɗiga ruwa yana mita. Na ɓare lamba biyu na manna, na jefa kwalaben a akwatin ƙanƙara, ya sure ya fita. Ni Mai Lamba, wadda ba ta kuskure, ban duba wace kwalba ce ta wa ba. Ban ma yi tunanin abin dubawa ne ba.

Sai da mota ta tafi muka zauna cika takardu. Amarya ta ce, "Ni ki ba ni ɗari uku, ta fi cika baki." Na manna mata. Ta gyara murya kamar ba ta san ni ba ta fara yi mini tambayoyin da na haddace tun daga teburina.

"Shekarunki nawa, baiwar Allah?"

"Talatin da ɗaya."

"Maza nawa kika sani a shekarar da ta wuce?"

"Ke, zan mare ki."

"Ɗaya ke nan. Mijinki yana tafiye-tafiye yana kwana a waje?"

"Daga tagar ɗakina ina hango shagonsa."

"Kina zaton yana da wata a waje? Eh, a'a, ko ban sani ba?"

Wannan tambayar ita ce ta goma sha bakwai, kuma na ga abin da take yi wa mata. Wasu su yi dariya, wasu su kama wasa da bakin mayafi, yawancinsu su ce a rubuta ban sani ba. Ni kuwa na ce, "A'a. Ki danna biron da kyau." Katunan biyu na wurga su a aljihun tebur na manta da su.

Ranar wata Alhamis sakamakon ƙarshe ya iso, an haɗa shi da duk na baya, shafi shida. Aikina ne in bi shi da rula layi-layi in yi jan zane a ƙarƙashin kowace lamba da aka rubuta mata akwai. Babu, babu, babu, akwai. Ina yi ina cin gyaɗa. Na kai ashirin da shida a shafi na biyar, ina cewa a raina Allah sarki mata. Na buɗe shafin ƙarshe na sauke rula zuwa ƙasa. Ɗari uku, babu. Ɗari biyu da casa'in da tara, akwai.

Lambata ce. Na ɗaga rular na sake ɗorawa, wai ko ta karkace. Ba ta karkace ba. Gyaɗar da ke bakina ta ƙi haɗiyuwa, na tofar a hannu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun ranar da aka kira ni aka ce mahaifiyata ta faɗi a tsakar gida. Abin da ya hana ni kurma ihu abu ɗaya ne: lambar takardata ce, amma kwalbar ba a san ta wa ba ce. Ko tawa, ko ta Amarya.

A sake gwaji? Da me? Tsinkayen binciken sun ƙare, motar ta daina zuwa, asibitinmu kuma ba shi da na'urar. In faɗa wa Sista kuwa, in ce mata mun cika mata ɗari uku da jikinmu, kuma na manna lamba ido rufe? Amarya ma an mayar da ita ɗakin riga-kafin yara tunda tambayoyi sun ƙare, ba ta san takardar ta zo ba. Na yi jan zanen, ya fito a karkace kamar wutsiyar ɓera.

Da yamma na tarar da maigida a ƙofar gida yana wanke hannu da omo. Ya ce, "Likita ta dawo. Yau mutum nawa kika yi wa tiyata?" Na yi yaƙe na wuce. Shekara biyar da aurenmu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. An duba ni sau biyu an ce a ƙara haƙuri. Uwarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai duk zuwanta cikina take fara gaisarwa da ido kafin fuskata. Ni kuma kullum ina cewa lokaci ne bai yi ba. Ranar ina yanka albasa na tuna hoton da ke manne a bangon ofishinmu, na mahaifa da hanyoyinta biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a toshe da jan launi. Na ajiye wuƙar, don na ga zan yanke yatsa.

Washegari matan rukunin ƙarshe suka fara dawowa da katunansu. Duk wadda aka samu, Sista za ta shiga da ita ciki, sannan ta fito wurina in ba ta ƙunshin magani biyu, nata da na miji, da 'yar takardar da za ta ba shi. Ina da jawabina da na saba: "Safe da yamma, kwana bakwai, kada a sha da madara, kuma a raba shimfiɗa har a gama. Ki miƙa masa kawai ki ce likita ya ce." Ranar wata mai sayar da kayan miya ta tsaya tana juya takardar a hannu, ta ce, "Malama, ke kin taɓa miƙa wa naki?" Na tura mata ƙunshinta na kira mai bi mata.

Da aka tashi na kulle ƙofa na ciro takardunmu biyu na jera su a tebur. A nan na sami abin riƙewa. Wata uku ina jin Sista tana faɗar waɗanda ciwon ya fi kamawa: 'yan ƙasa da ashirin da biyar, waɗanda ba su daɗe da sabon namiji ba, waɗanda mazansu ke kwana a hanya. Amarya shekararta ashirin da uku. Aurenta sabo. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma ba ta ga ƙeyarsa ba. A tambaya ta goma sha bakwai da hannunta ta zaɓi ban sani ba. Tawa takardar kuwa fes, ko ɗigo babu. Na numfasa na ce alhamdu lillahi, sai kuma na ji abin da na gode wa Allah a kansa, kunya ta rufe ni. Yarinyar da ke kawo mini ruwan zafi a filas duk ranar da mara ta murɗe ni, ita nake roƙo abin ya zama nata. Na ji kunyar, amma ban janye roƙon ba.

Asabar da Lahadi na yi su ina leƙen taga. Shagon yana nan, shi ma yana nan, a tsugune bayan wani firji. Can sai waya ta shigo masa, ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau babur. Awa biyu bai dawo ba. Shekara biyar ina ganin wannan fita ban taɓa ƙirga ta ba. Firji ba ya zuwa shago da ƙafarsa, dole mai gyara ya bi shi har ɗakin girki, a lokacin da masu gida ke wurin aiki. Takardar tambayoyin ta tambayi mai kwana a waje, ba ta tambayi mai shiga gidajen mutane da rana tsaka ba. Na ce wa kaina, ke kam shaiɗan ya samu wurin zama. Ya dawo da lemo a leda, ya ɓare ya ba ni, na karɓa ina kallon hannunsa kamar yau na fara ganinsa.

Ran Litinin Sista ta tsaya a kaina da takardar sakamako.

"Mai Lamba, saura mutum ɗaya. Ina ɗari biyu da casa'in da tara?"

"Ba ta dawo ba, Sista."

"Ba ni takardarta."

Na miƙa mata. Ta gyara tabarau ta fara karanta rayuwata a gabana. "Talatin da ɗaya. Miji ɗaya. Ba ya tafiya. Dubi nan, har biron ya huda takarda wurin a'a." Ta girgiza kai. "Irin waɗannan su suka fi ba ni tausayi. Shekara biyar ba haihuwa, kin gani? Tana can tana shan jiƙe-jiƙe, abin yana cinta. Ita takarda yawan mutane take faɗa miki, ba ta san mutum ɗaya ba. Ko lambar waya ba a rubuta ba, wannan aikin Amarya ne. Ki nemo mini matar nan ko a ina take. Duk watan da ta ƙara, asara ce."

Na ce to. Da ta juya baya na zari ƙunshin maganin da aka rubuta wa lambar, na cusa a jaka, na nufi ɗakin riga-kafi. A hanya ina ta shirya maganar da zan faɗa mata. Zan ce kwalaben sun cakuɗe, zan ce kada ta tsorata, ana warkewa, ita yarinya ce, bai daɗe a jikinta ba. Har na tanadi kafaɗar da za ta yi kuka a kai.

Na same ta ita kaɗai tana jera allurai a akwatin sanyi. Na tura ƙofa na rufe.

"Yaya, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

"Sakamako ya zo. Ɗaya daga cikin namu akwai."

Ta tsaya cak da kwalbar allura a hannu.

Na ce, "Ki saurare ni. Ranar nan ban duba ba na manna. Ban san wace ce ta wa ba. Amma na zauna na duba takardunmu, kuma ke ma kin san abin da Sista ke cewa. Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Mai mota yana hanya, Allah kaɗai ya san inda yake kwana. Ga magani na kawo, naki da nasa. In kina jin tsoron ba shi, ni zan raka ki."

Ban taɓa jin muryata da daɗi haka ba. Amarya ta ajiye kwalbar a hankali. Idonta ya ciko, na matsa zan rungume ta, sai ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Yaya, ki yafe mini."

"Me kika yi mini?"

"Ban goga ba."

"Ba ki me ba?"

"Da na shiga bayi na buɗe tsinken, sai hannuna ya ƙi. Wata uku ina jin amsoshin matan nan, duk wadda ta yi kama da ni sai in ga kin yi mata jan zane. Na ji tsoro. Na mayar da shi a kwalba yadda yake, busasshe, na rufe. Na ce ai cika lamba kawai muke yi." Ta fashe da kuka. "Wallahi ban san haka za ta faru ba. Babu komai a kwalbata, Yaya. Babu abin da za a samu a ciki."

A waje wani jariri yana tsala ihu an yi masa allura, uwarsa tana lallashi. Na ji shi sarai. Na ji ƙarar firjin da ke kusurwar ɗakin, wanda maigidana ya gyara da hannunsa bara, ya ƙi karɓar ko sisi wai don asibitin matarsa ne. Na nemi kujera na zauna. Amarya ta durƙusa ta kama hannuna, ita da na zo lallashi. Ban yi kuka ba. Na ce mata, "Gobe ki faɗa wa Sista, a san yadda za a yi a gwada ki da gaske. Ni ma zan faɗa mata tawa." Na ɗauki jakata da ƙunshin a ciki, tunda ya riga ya iso hannun mai shi.

Na yi tafiyar gida a ƙasa ko da yake akwai mota. Ina tafe ina nema masa mafita. Wataƙila tun kafin aurenmu ne, shi ma bai sani ba, ai maza ma yakan yi musu shiru. Wataƙila zai zaro ido ya ce mene ne wannan, ya yi fushi, ya yi rantsuwa. Wataƙila ma ya juyo da abin kaina ya ce ina na samo, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro, don ban san da bakin da zan kare kaina ba. Duk da haka na fi son ya yi fushin. Har addu'a na yi Allah ya sa ya fasa kofi.

Na same shi a falo ya dawo da wuri, ya dafa shayi da kansa, ga gwangwanin madara a buɗe a kan tebur.

"Likita ta dawo. Zo ki sha, na yi da yawa."

Ban zauna ba. Na ciro ƙunshi ɗaya da 'yar takardar na ajiye kusa da kofinsa. Jawabin da na yi wa mata ashirin da shida ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, "An gwada ni a wurin aiki. An ce mu sha, ni da kai."

Na tsaya ina jiran tambaya. Ya ɗauki ƙunshin ya zazzage katin ƙwayoyin a tafinsa, ya juya bayansa ya dubi rubutun. Takardar ko buɗe ta bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Bai ce ciwon me ba. Bai ce ina kika samo ba.

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin da ya zuba mini, wanda ya riga ya sa wa madara, ya janye shi gefe. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Bari in kawo miki ruwa. Wannan ba a shan shi da madara."

Ban faɗa masa haka ba. Ba a kuma rubuta a jikin katin ba, ni na sani, don ni ce nake faɗa wa mata da baki.

"Yaushe ka sha shi?"

Ya riga ya nufi ɗakin girki, sai ya tsaya da kofin a hannu, bai juyo ba.

"Injiniya, da kai nake. Yaushe?"

"Shekara uku ke nan," in ji shi. "Na ɗauka idan na warke shi ke nan."

Shekara uku. A cikinsu ya raka ni asibiti sau biyu, ya zauna a benci yana riƙe mini jaka. Na ɓalle ƙwaya ɗaya daga katin na wuce shi zuwa ɗakin girki, na tari ruwa a famfo da kaina na haɗiye.